Kawu Direba, Wanda Ba Ya Yarda da Tunanin Farko

Na Allah muke, gare Shi kuma Kawu ya riga mu komawa, ranar wata Talata da hantsi, a wani asibiti a nan Makka. Ƙanen mahaifiyata ne. A garin nan aka haife su, ita aure ya kai ta Kano, shi ya zauna, ya tsufa a bayan sitiyari.

Bayan magariba aka jera kujeru a bakin benen da yake zaune a unguwar Shisha, ana zagayawa da gahawa. Na zaci dangi ne kawai za su zo, sai abokansa direbobi. Sai ga fuskokin da ban taɓa gani ba. Wani ƙaton mutum mai sayar da turare a Rusaifa ya riƙe hannuna ya kasa furta ta'aziyya. Da ƙyar ya ce, "Shekarar da na daina fita daga gida, shi ne yake zuwa ya yi ta danna hon a ƙofata har sai na sauko." Wani magidanci haihuwar nan, wanda Hausarsa duk ta gutsure, ya ce, "Wallahi ya akhi, lau ba shi ba, da ni da matata khalas, da tuni mun rabu." Wani tsoho ɗan Damagaram ya girgiza kai ya ce, "Mutum ne mai tambayar tsiya, har haushi yake ba ka." Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya ja rawaninsa ya rufe fuska.

Can wani ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Likitanmu ya tafi."

Yayan marigayin, babban kawuna, ya ɗago kai. "Direba ne," in ji shi. "Da yana nan, shi zai fara gyara maka zance."

A garin nan kusan kowace salla sai an sallaci gawa a Harami. Ana jera su, a yi kabbara huɗu, a ɗauke, sahu ya watse, na baya ba su san ko su waye ba. Ina tsoron kada Kawu ya ɓace cikin wannan yawan, shi ya sa na zauna in faɗi abin da na sani.

Farkon labarin daga bakinsa na ji, a cikin mota, domin Kawu ba ya iya doguwar magana sai hannunsa na kan sitiyari. Da can babbar motar alhazai yake ja. Wata shekara sun taso daga Muzdalifa za su Mina da safe, cunkoso ya riƙe su, na'urar sanyaya motar ta mutu, rana ta take. Wata tsohuwa da ke kujerar bayansa ta nemi ruwa, ya miƙa mata, ta yi masa addu'a da yaren da bai sani ba. Da suka isa kowa ya sauka. Ita ba ta tashi ba.

Babu wanda ya ɗora masa laifi. Aka ce zuciyarta ce, da shekaru. Amma tasa zuciyar ta ce masa, kai ka kashe ta, da ka bi ɗaya hanyar da tana raye. Bayan Hajji ya zauna a kujerar direba, sai ƙirjinsa ya hau bugu, gumi ya karyo masa, hannuwansa suka ɗauki rawa, ya tabbata mutuwa ce ta zo. Ya sauka. Washegari ma haka. Ya bar tuƙi, daga nan ya bar shiga mota, daga nan ya bar saukowa daga bene. Ya yi kusan shekara biyu a ɗaki. An yi masa ruƙiyya, ya sha zamzam, kuma har ya rasu yana cewa karatun ya sanyaya masa rai. Amma in ya ga mukulli, hannun bai daina rawa ba.

Wani maƙwabcinsu ma'aikacin jinya ne ya lallashe shi zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa. Aka ba shi ƙwayoyi, aka kuma haɗa shi da wani likitan da maganinsa magana ce da aiki. Da Larabci suna ce masa ilajul ma'arifi assuluki, wato jinya ta hanyar gyara tunani da ɗabi'a. Kawu ya ce abin da mutumin ya fara koya masa shi ne, abin da ya faru daban, abin da ka gaya wa kanka game da shi daban. Tunani yana haifar da abin da kake ji a jiki da zuciya, abin da kake ji yana tura ka ga abin da kake aikatawa, aikin kuma ya dawo ya ƙara wa tunanin ƙarfi. Ka ce mota halaka ce, ƙirji ya buga, ka gudu, ka ji sauƙi, sai zuciya ta ce, ka gani, gudun ne ya cece ka.

"Tsoro magen unguwa ce," haka Kawu yake fassara shi. "Duk ranar da ka gudu, ka ba ta abinci ke nan. Gobe da 'ya'yanta za ta zo."

Likitan ya tambaye shi, kai ka lalata na'urar? Kai ka tara motocin? Ka san ɗaya hanyar a buɗe take, ko daga baya ka zata? In da abokinka direba abin ya samu, za ka kira shi mai kisa? Kawu ya ce wannan ta ƙarshen ce ta sa shi kuka, domin ya san da abokinsa ne, rungume shi zai yi.

Sannan aka shiga aiki, kaɗan-kaɗan. Ya riƙe mukulli. Ya zauna cikin mota a tsaye, ba zai fita ba sai bugun ƙirjin ya sauka da kansa. Ya tayar da inji. Ya zaga layinsu. Daga ƙarshe, da rana tsaka, ba lokacin Hajji ba, ya tuƙa kansa zuwa Muzdalifa. Ya ce fili ne fetal, dogayen fitilu a kashe, tsakuwa, ko tsuntsu babu. Ya tsaya ya kashe mota. Tsoron ya taso ya shaƙe shi, ya zauna bai gudu ba, har ya ji yana ja da baya.

"Ran nan na gane yana da ƙarshe," in ji shi. "Duk shekarun nan ban taɓa tsayawa na ga ƙarshensa ba."

Bai koma babbar mota ba. Tasi ya kama, ita ya ja har ƙarfinsa ya ƙare.

Zuwa asibitin nan ne ya raba shi da yayansa. Mahaifiyata ta ce har Kano labarin faɗan ya iso. Yayan ya hau bene a fusace ya ce, "Asibitin mahaukata? A gidanmu? Wa zai nemi 'ya'yanka mata? Kana maƙwabtaka da Ɗakin Allah, ka kai kukanka wajen mutum!"

Kawu ya ce, "Yaya, ranar da sukarinka ya hau, Harami ka je ko asibiti?"

"Duka biyun."

"To ni ma duka biyun."

Yayan ya fita, aka daɗe ba ya taka gidan. Ban taɓa jin sun yi sulhu da baki ba. Abin da na sani, shekaru bayan haka, da surukin yayan ya shiga wani hali bayan an sallame shi daga aiki, sai ga surukin a ƙofar Kawu, ya ce an ce ya zo. Bai faɗi wanda ya ce ba, Kawu kuma bai tambaya ba.

Zama da shi ba kullum yake da daɗi ba, domin ba ka isa ka jefar da magana a gabansa ta wuce ba. Ka ce, "Na san ba za su ɗauke ni ba," ya ce, "Yaushe ka fara duba? Ai duba haramun ne." Ka ce wane ya tsane ka don bai amsa sallamarka ba, ya ce, "Ka shiga zuciyarsa ke nan? Da wace biza?" Kalmar kullum da kalmar ban taɓa, kamar ƙaya suke a kunnensa. "Kullum? Har da jiya?" Ka lissafa, ka ga ashe ban da jiya. Yakan ce tunanin farko da ya faɗo maka kamar mai tsayar da tasi ne a bakin titi, ka tambaye shi inda za shi kafin ka buɗe masa ƙofa. Wanda baƙin ciki ya kwantar kuwa, ba ya yi masa wa'azi. Sai ya nemo ɗan ƙaramin abu, rakiya zuwa kasuwa ko wanke mota, ya ce, "Kada ka jira sai zuciya ta so. Ƙafa ce gaba, zuciya daga baya take zuwa." Ya kuma san iyakarsa. In mutum ya ambaci gajiya da rayuwa, ko ya ce yana jin muryoyi, Kawu ba ya tambayar komai, mota zai sa shi sai wajen likita.

Ni karatun fiƙihu ya kawo ni Makka. Ina kwana a masaukin ɗalibai, ranar Alhamis in taho gidansa. A shekarata ta biyu waswasi ya kama ni. In na yi alwala sai in ji ba ta yi ba, in sake, in kuma sakewa, har fatar hannuna ta tsage. In na zo kabbarar harama sai in yi ta maimaitawa har liman ya yi ruku'u. Daga baya wani tunani ya riƙa faɗo mini, cewa wataƙila na furta abin da ya fitar da ni daga Musulunci ban sani ba. Na yi ta bin malamaina da tambaya, suna amsa mini da haƙuri, in ji sanyi na ɗan lokaci, abin ya dawo ya fi da. Na rame, karatu ya gagara. Na fara shirin tattara kayana in koma gida, domin na ga wanda bai iya gama alwala ba, bai cancanci zama kusa da Ka'aba ba.

Wata Juma'a na shige bayi a gidansa har aka kusa hawa mumbari. Ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Malam, fito haka nan." Malam yake ce mini tun ranar da na zo. A mota ya dubi hannuwana, da muka fita daga layin ya tambaye ni.

"Me take ce maka?"

Na gane zuciyata yake nufi. Na ce, "Ruwan bai kai gwiwar hannu ba."

"Ka ga wurin a bushe?"

"A'a, Kawu. Ji nake yi."

"Ji ba shaida ba ne. Kai ne ɗalibin fiƙihu. Me malamanku suka ce game da mai yawan kokwanto?"

Na karanto masa abin da na haddace, cewa shakka ba ta kawar da yaƙini, kuma wanda kokwanto ya zame masa jiki ba ya waiwayarsa.

"Ɗayyib, da kyau. Ashe ba ilimi ka rasa ba. Horo ka rasa, irin wanda aka yi mini."

Da la'asar ya kai ni masallacin unguwa, ya tsaya a kaina wajen famfo. Na yi alwala ɗaya, ya miƙa hannu ya rufe famfon ya ce, "Tashi." Na shiga sahu jikina kamar an watsa mini garwashi. Da muka sallame na kama hannun rigarsa na ce, "Kawu, don Allah, ta yi?"

"Ba zan amsa ba."

"Kalma ɗaya ce fa!"

"In na amsa yau, gobe ma sai ka nema. Tambayar nan ma alwala ce ta biyu."

Ran nan na ji haushinsa ƙwarai, na ɗauke shi mara tausayi. Ya zaunar da ni jikin bango ya ce, "Tsoron nan, ina ya kai? Gwiwa, ƙirji, ko wuya?"

Na ce, "Wuya."

"Zauna mu gani."

Muka zauna, yana jan carbi, ni ina kallon ƙofar wajen alwala kamar mai ƙishi. Can ya sake tambaya, na ce ƙirji. Da aka kira magariba ya sauko gwiwa, kuma ban sake alwalar ba sai da ta karye. A makon nan ya kai ni asibitin da kansa, ya ce, "Ni ɗanɗano na ba ka, masu abin suna ciki." Na yi watanni ina zuwa. Ba zan ce waswasin ya tafi gaba ɗaya ba, amma na gama karatuna, kuma ina salla cikin sahu.

Akwai ranar da dabararsa ta ci shi, kuma ban taɓa mantawa da ita ba. Babban ɗansa ya rasu a haɗarin mota a hanyar Jidda, ya bar mata da goyo. Bayan an watse daga zaman makoki, ina falo tare da su, matar Kawu, wadda nake kira Inna, tana zaune a ƙasa ta ce, "Da ban aike shi ba."

Kawu ya gyara zama ya ce, "To mu duba. Lokacin da kika aike shi, kin san—"

Ban taɓa jin muryar Inna ta ɗaga ba sai ranar.

"Ka rufa mini baki da tambayoyin nan! Ni ba fasinjarka ba ce. Ɗana ya mutu. Shi ma wannan tunani ne? Tashi ka nemo mini shaidar da za ta ce bai mutu ba!"

Kawu ya miƙe ya sauka ƙasa. Da na leƙa ta taga na gan shi cikin tasi, bai tayar ba, ya kifa goshi a kan sitiyari.

Sai bayan makonni ya yi mini zancen. Ya ce, "Malam, an gaya mini tun farko, ni na manta. Ba kowane baƙin ciki ne kuskuren tunani ba. Akwai wanda gaskiya ne tsantsa, ba a gardama da shi, zama ake yi da shi. Kuma ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba don ita na yi tambayar ba. Gudu nake yi. In ina tambaya ba na kuka."

Daga nan ya canja. Tambayoyin suka ragu, shirun ya ƙaru. In mutum ya zo da damuwa yakan bar shi ya gama tukuna, wani lokaci har ya tafi bai tambaye shi komai ba. Inna ta daɗe ba ta fita. Bai danna mata hon ba. Kullum da yamma yakan zauna kusa da ita, ya zuba mata shayi, ya yi shiru. Daga baya ta fara raka shi sayen kayan miya. Amma dariyar gidan nan ba ta dawo kamar da ba, har ya bar duniya.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da shi. Aka yi ta wankin ƙoda, jikin yana zubewa, ya ajiye tuƙi, wannan karon ba don tsoro ba. Zuwana na ƙarshe asibiti, da rana ne, na same shi idonsa a kan silin, numfashinsa sama-sama. Na zauna na riƙe hannunsa.

"Malam," in ji shi, "na juya tunanin nan ta kowane gefe. Wannan karon ba ƙarya yake yi ba."

Na ce, "Kawu, Allah mai iko ne."

"Mai iko ne. Amma tafiya ce."

Sai na ce, "Tsoron, ina ya kai?"

Ya yi ɗan murmushi. "Wuya."

Muka zauna. Ma'aikaciyar jinya ta shigo ta fita, aka kira azahar. Na sake tambaya.

"Bai sauka ba," in ji shi. "Ma'alesh, ba komai. Karanta mini wani abu."

Na karanta masa abin da ya sawwaƙa, yana bi da leɓe, har barci ya ɗauke shi. Ban sake jin muryarsa ba.

Babban kawuna ne ya ce in shiga cikin masu wanka. Ina zuba ruwa a damtsensa, tsohon abokin gabana, waswasi, ya raɗa mini cewa ruwan bai game ba. Mai jagorantar wankan ya ce ya isa. Na ajiye butar, muka naɗe shi.

Bayan la'asar aka sallace shi a Harami tare da wasu gawawwakin, aka sa shi a mota muka bi. Maƙabartar layi-layi ce, kowane kabari da ɗan dutse a kansa, ba suna, ba rubutu. Muna rufe shi ina ƙoƙarin riƙe wurin a raina, ina auna shi da katanga. Da muka isa bakin ƙofa na waiwaya, sai na ga duwatsu kawai, duk iri ɗaya, har iyakar gani.

Mata ba sa zuwa maƙabarta. Da muka dawo na hau bene in gaishe da Inna, ta ɗan buɗe ƙofar ɗakinta, tana daga ciki.

"Kun kai shi?"

"Mun kai shi, Inna."

"Kusa da ɗana ne?"

Na so in ce mata e. Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta ce, "Wanda ya karɓe su ya sani," ta tura ƙofar a hankali.

Ya Allah, bawanka ne ya zo maka da tsoronsa har wuya. Ka amintar da shi, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da ɗansa inda babu fargaba, Ka ba Inna haƙurin zaman da ya rage mata.